Hannun Gwaggo Tabawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, amma in na tuna ranar ba fuskarta ke fara zuwa mini ba. Ƙamshi ke fara zuwa. Ƙamshin miyar kuka ne da aka kaɗa wa masu gaisuwa a tsakar gidanmu a Sheme, da hantsi, bayan maza sun dawo daga maƙabarta. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta, mata suna shiga suna fita, kowace ta dafa kaina ta ce in yi haƙuri. Ban yi kuka ba. Abin da kawai na lura da shi, daddawar da ke cikin miyar ba ta gidanmu ba ce. Daga wani gida aka sayo ta. Na zauna ina ta ƙoƙarin gane gidan, kamar aikin da aka ba ni ke nan a ranar.

Wanda bai tashi a gidan masu daddawa ba zai ce duk warinta ɗaya ne. Mu ba ma kiransa wari, kuma mun san na kowace mace daban yake. Ta Gwaggo tana da wani ɗan zaƙi a ƙarshe, kamar na gyaɗar da aka soya ba ta ƙone ba. Direbobin da ke bin hanyar sukan tsaya a Sheme saboda ita. In ana biki a Faskari akan aiko a karɓa. Ran kasuwar Ƙanƙara ba ta kiran kowa. Takan buɗe ƙwaryarta ta zauna, kafin azahar ta naɗe gammonta. In aka tambayi dalili, amsa ɗaya ake bayarwa: Tabawa tana da hannu. A wurinmu in an ce mace tana da hannu, ana nufin Allah ya sa mata wani abu a tafinta wanda ba a koyarwa. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ba ta haihu ba, ta dawo gidan ƙanenta. Ba ta da gona, ba ta da ɗa. Tana da itatuwan ɗorawa uku da ta gada wajen uwarta, suna tsaye a cikin gonar Baba, tana kuma da wannan sunan. Da shi take zaune a gidan da ƙafarta, ba a matsayin wadda ake riƙo ba.

Na san aikin tun kafin in san karatu. Da bazara a kaɗo ɗorawa a ɓare, mu sha garin har leɓunanmu su rine, a ajiye ɓawon don makubar shafen daɓe, a wanke ƙwayar, wato kalwa, a shanya. Ranar dahuwa tukunya takan wuni a kan wuta. A surfa kalwar a turmi, a kai rafi a wanke ta sai ta fito fara tas, a sake dafawa kaɗan. Sai a tsane ta, a zuba cikin kwando da zafinta, a rufe da tsumma, a kai lungun ɗaki. Ba mai taɓawa sai ran kwana uku. A ranar, Gwaggo takan ɗaga gefen tsumman, ta sa yatsu biyu ta ja. In yauƙi ya biyo yatsun kamar zare, sai ta ce, "Ta kama." Daga nan sai kirɓi, da mulmulawa, da shanya a rana har ta yi baƙi.

Kwandon ya tsufa har ba a gane saƙarsa. Tsumman kuwa ragowar wani zanen saƙi ne na kakata, uwar su Gwaggo, ya yi baƙi, ya yi tauri, yana ƙyalli kamar jemammiyar fata. Ba a wanke su. In an gama aiki a ɗora su a kan danga su sha rana, a mayar lungu. Sunan wannan kakar aka sa mini, don haka Gwaggo ba ta taɓa kiran sunana ba. "Uwata" take ce mini, ko da faɗa take mini.

Ita ta tsaya aka tura ni makarantar kwana ta 'yan mata. Baba bai so ba, amma ba ya iya musu da yayarsa. Ranar da zan tafi, ina ɗaure akwatina, na ji ya ce mata, "Yaya, na yarda. Amma ranar da bokon ga ya yi mani ɓarna a gida, ranar ta gama makaranta." Ba da fushi ya faɗa ba. Baba mutum ne da ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta.

A shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira nake aji ɗaya. Komai a lokacin sabo ne, ko kuma ana jin kunyarsa. A ajin tsafta malamarmu ta zana mana wasu ƙananan halittu a allo, ta ce ido ba ya ganinsu, suna zaune a cikin datti da tsummokara da tsofaffin ƙore, kuma su ke kashe yara a ƙauyukanmu. Sunansu ƙwayoyin cuta. Ba ƙarya ta yi mana ba. Ni dai yarinya ce mai yawan zama shiru tana ƙirƙirar duniya a ka, sai na riƙa ganinsu ko'ina, a bakin randa, a jikin muciya, a ƙarƙashin farcena. Na so tsafta kamar yadda wasu ke son waƙa. Ƙarshen shekara aka ba ni kyautar wadda ta fi kowa tsafta a aji: langa uku farare masu murfi, masu shiga cikin juna, da jajayen furanni a jikinsu. Tun a mota na san wa zan ba.

Hutun damina ne, ran kasuwar Ƙanƙara. Gwaggo ta fita tun da safe. Na share ɗakinta, na wanke turmi da tukwane da garin sabulu har sau biyu. Sannan na ɗauki kwandon da tsumman da bakin sanda, don kada in taɓa su, na kai bayan gida, na zuba kalanzir na ƙyasta ashana. Sun daɗe suna ci. Hayaƙin ya cika unguwa da ƙamshin miya. Na jera langunan a lungun da kwandon yake, na yi wanka, na zauna ina jira a yaba mini.

Baba ya riga ta dawowa daga gona, ya ji ƙauri, aka gaya masa. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya zauna. Da la'asar Gwaggo ta shigo, ta yi sallama, ta shiga ɗakinta. Ta ɗan jima. Da ta fito tana riƙe da murfin langa ɗaya.

"Yaya," in ji Baba, "kayan sana'arki ne yarinyar ga ta ƙona?"

Ta dube ni, ba da daɗewa ba. Ta juya murfin tana kallon furannin.

"Tsumma ne, Malam. Tsumma da ruɓaɓɓen kwando."

"Ba su da amfani?"

"Mi tsumma zai yi? Hannu ke yin daddawa. Kai ma ka sani, garin ga kowa ya sani." Ta ƙwanƙwasa murfin da yatsa. "Dubi abin da uwata ta kawo mani. Kai tun da kake, ko ludayi ka taɓa saya mani?"

Matan gida suka yi dariya, Baba ya yi murmushi ya naɗe tabarmarsa. Ni kuma na ji daɗi. Ina rubuta wannan ne yadda ya faru: na ji daɗi ƙwarai.

A makon ta dafa kalwa ta zuba a langunan, ta rufe da murfinsu, ina tsaye a kanta. Ran kwana uku ta buɗe. Ruwa ya kwanta a ƙasa, sama ta yi kumfa, wani tsami ya tashi wanda ko mu 'yan gidan daddawa sai da muka kau da kai. Ta kai bola ta zubar. Ta sake, ta sake zubarwa. A karo na uku ta sayo sabon kwando ta rufe da wankakken zane. Wannan ta kama, ta yi yauƙi, ta yi baƙi a rana kamar kowace daddawa. Kamar kowace daddawa, abin da ya same ta ke nan. Ina zaune kusa da ita a bakin hanya wani direba da ya saba tsayawa ya ɗauki ɗaya ya kai hanci.

"Gwaggo, wannan ba taki ba ce."

"Tawa ce."

Ya saya don kunya. Bai sake tsayawa ba.

Kafin in koma makaranta maganar ta zaga gari: hannun Tabawa ya mutu. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce tsufa. Ba wanda ya ƙirƙiro mata. Ita da bakinta ta ce hannu ke yin daddawa, a gaban mutane, ga shi kuma daddawa ta ƙi. Matan da suka san sana'ar suka yi shiru, har yau ban san ko don ita suka yi ba ko don kasuwa ta buɗe musu. Wata maƙwabciya ta tambaye ta a gabana, Gwaggo ta ce, "Hannu ma yana tsufa." Ta koma sayar da kalwarta ɗanya ga waɗanda a da suke zuwa leƙen yadda take yi. Da kaka ta je Sabuwa wajen ƙanwarsu, Gwaggo Asabe, ta yi kwana biyu ta dawo, ba ta ƙara ɗora tukunyar kalwa ba. Da na zo hutu na gaba na tarar ta fara neman izini kafin ta ɗebi hatsi a rumbu, abin da ba ta taɓa yi ba. Takan zauna a inuwa da hannuwanta a cinya, tafin yana kallon sama. Na gaskata ta. Na riƙa kallon hannuwan ina tausayinsu.

Ba zan ce daddawa ce ta kashe ta ba. Ciwon ƙirji ne, a ƙarshen bazarar da ta biyo baya, kuma kwananta ne ya ƙare.

Yanzu ina koyarwa a Ƙanƙara, ina zuwa Sheme in an yi hutu. Nakan zauna ta taga a mota ina nuna mata abubuwa a zuci. Ga buhunan takin zamani an jibge a ƙofar gidaje. Ga masara, wadda a da 'yar bayan gida ce da ake gasawa a ci da damina, ta cinye gonakin dawa tun daga Faskari, kore shar har ƙarshen gani. Ga babura, ga rediyo a kowane zaure, ga rufin kwano yana ƙyalli. Ba na jin za ta ƙi duk wannan. Mace ce mai son ganin rumbu a cike, kuma rumbuna sun cika. Amma tarakta ba ta son itace a tsakiyar gona, tana so ta miƙe ta juyo ba abin da ya tare ta. Biyu daga cikin ɗorawarta uku an sare su a rani ɗaya. Da tana nan da an tambaye ta, don gonar ta Baba ce amma itacen nata ne. Da ba ta nan, ba a ga wanda za a tambaya ba.

A teburan bakin hanya, inda take zama, yanzu ɗan dunƙulen kanti ake jerawa cikin takarda mai walƙiya. Ba ya wari, ba ya kwana uku a lungu, kuma na gidan kowa iri ɗaya ne. Ina jin da za ta warware ɗaya ta lasa, ta ce gishiri ne ya sa rigar salla, sannan ta ajiye takardar don ta yi mata kyau. Ni ma da shi nake miya a ɗakina. Ya fi sauƙi.

Shekara huɗu bayan rasuwarta, ina kwalejin horon malamai, malamin kimiyyar tsirrai ya ce kowa ya zo da wani abincin gida wanda sai ya kwana yake yin daɗi. Wasu suka kawo nono, wasu ƙullun koko. Na sayi daddawa a bakin ƙofar kwalejin. A ranar ne ya gaya mana ɗorawa dangin wake da gyaɗa ce, na yi tunanin dariyar da Gwaggo za ta yi in ta ji ƙaton itacenta ɗan'uwan wake ne. Sai ya shafa ɗan yauƙin daddawar a gilashi, ya sa ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya ce in duba. Na ga wasu abubuwa kamar guntayen tsinke, cunkus, ba iyaka. Ya ce su ke yin daddawa. Su ke narka kalwar su fito da ɗanɗanon. Suna son ɗumi, suna son iska, shi ya sa ake zubawa a kwando. In aiki ya ƙare sukan kwanta a jikin kwandon da tsumman kamar iri a ƙasa da rani, rana ba ta kashe su, sai an sake kawo musu kalwa su farka. Ya ce mai yiwuwa na kowane gida da ɗan bambancinsu, tunda kowane gida nasa yake renon shekara da shekaru.

Na ce, "Malam, in aka zuba a langa aka rufe fa?"

Ya yi dariya. "Kin toshe musu hanci ke nan."

"In aka ƙona tsumman?"

"Sai a faro daga farko. Kuma ba lalle a sami irin na da ba."

Na rubuta a littafina da kyakkyawan rubutu, na ja layi a ƙarƙashi. Aka buga ƙararrawa na tafi cin abinci, na cinye. Na jira wani abu ya motsa a ƙirjina, kwana da kwanaki, bai motsa ba. Abin da ya tsaya mini kawai shi ne kalmar. Suna ɗaya aka ba mu na waɗannan halittu, ƙwayoyin cuta, kuma da sunan na ƙyasta ashana. Har yau in na zo wannan darasi da ɗalibaina nakan tsaya da alli a hannu, don ba ni da sunan da zan kira waɗanda ba cuta ba ne.

Shekara uku na riƙe abin ban gaya wa kowa ba. Abin da ya fi mini nauyi a lokacin shi ne tunanin cewa ta tafi kabari tana zaton hannunta ya mutu, alhali lafiyarsa lau. In na lissafa abin da ya rage nata, ba shi da yawa. Ɗorawa ɗaya a gefen gona, inda tarakta ba ta kaiwa, tana fure duk shekara, ba mai kaɗo ta sai 'yan kiwo. Langunan uku suna nan, ana zuba tuwo, ko tsatsa ba su yi ba. Sai sunanta, wanda in an ambata a Sheme akan ce, Allah ya jiƙanta, ai ita ce hannunta ya mutu. Sai ni, da takardar shaidar koyarwa. Wannan sunan ne nake so in gyara, shi ya sa na rubuto. Baba ba ya karatun boko, amma akwai mai karanta masa jarida a zaure, kuma na san zai kai wannan shafin.

Kafin in rubuta na ga ya kamata 'yar'uwarta ta fara ji daga bakina. Bana da kaka na hau motar Sabuwa, muka wuni muna faɗawa ramuka a cikin daji. Can ɗorawa na nan da yawa, tarakta ba ta kai ba tukuna. Tun daga zauren gidan Gwaggo Asabe na tsaya, don ƙamshin da ya tare ni na san shi, har da ɗan zaƙin nan na ƙarshe. Na same ta tana mulmula daddawa a kan faifai. Bayan gaisuwa na zauna na yi mata bayani duka, da madubin, da guntayen tsinken, da iskar. Ta saurara hannunta bai tsaya ba.

"Wannan ne aka tura ki birni ki koyo?" in ji ta. "Irin yana cikin tsumma, ɗiyata. Kowace mai daddawa ta san haka. Hannu abin da muke gaya ma masu saye ne."

Na ce, "Ita ma ta sani?"

Ta nuna danga da haɓa. Wani baƙin tsumma ne a shanye, mai tauri, mai ƙyalli. Ta ce zanen uwarsu ne, ta raba musu biyu da za su tafi gidajen aure. A tsakiyarsa akwai wani dogon ɗinki.

"Da kakar nan da Yaya ta zo, shi ta zo nema. Na yaga mata rabin nawa. Ta shinshina, ta ƙulle a bakin zanenta, na raka ta har tasha na dawo. Ban gama wanke turmi ba sai ga ta ta shigo, ta kwance ta ɗora mani a kan kwando. Na ce, Yaya, lafiya? Ta ce in daddawa ta dawo da wannan, Malam zai gane tsumma ne, ya cire yarinyar daga makaranta. Na ce, to sunanki fa? Ta ce, uwata ta ba ni, uwata ta karɓe."

Ta ɗauki wani curin ta ci gaba da mulmulawa. Na tashi na je bakin dangar. Ɗinkin da farin zare aka yi shi, ya yi baƙi shi ma, sai an matsa kusa ake gane inda aka haɗa.